Sunan da Ban Taɓa Kira Ba

Zuwa gare ka, Yayan Lami,

Ina gaishe ka da sunan Yesu Almasihu, wanda shi kaɗai ya rage mini in jingina da shi. Ubangiji ya sauke ka Kano lafiya, ya tsare ka daga sharrin hanya da gangancin direba, ya haɗa ka da mutanen kirki a wurin ginin nan na Rijiyar Zaki da za ka yi leburanci. Ya ƙara wa ƙashinka ƙarfi, don na ga yadda yunwar bana ta rage ka, wuyanka duk ya fito, wandonka sai da igiya yake tsayawa.

Za ka tarar da takardar nan a ƙasan jakarka, ƙarƙashin ƙullin gumba. Na san za ka yi mamaki, don ba ka taɓa ganin na rubuta abin da ya wuce sunana a ajin zumuntar mata ba. Kada ka yi wa rubutun dariya, layin duk ya karkace, hannun fartanya ne. Na daɗe ina yin ta kaɗan-kaɗan a gindin kanyar bayan gida, duk sa'ad da ka fita neman itace. Ba labari zan ba ka ba. Wane labari ne a gidan nan da ba ka sani ba? Rumbu wayam, rijiya ta ja baya, awaki sun ƙare. Magana ɗaya ce ta hana ni sakat, kuma daga bakinka ta fito.

Ranar da aka binne ƙanwarka Lami, bayan an dawo gida, Malam Bulus mai bisharar majami'armu ya ce a yi addu'a. Kowa ya sunkuyar da kai, kai kaɗai ka tsaya ƙiƙam, ido a buɗe. Na gan ka, don ni ma nawa idon a buɗe yake. Da mutane suka watse ka same ni ina naɗe tabarmarta, ka ce, "Inna, ni na gama da addu'a. Ko dai ba ya iyawa, ko kuma ba ruwansa da mu." Ban tanka ba. Ka jira, ban tanka ba. Sai ka ce, "Ai Allah kamar ke yake. Yana gani, ba ya magana." Ka juya ka fita, kuma tun daga ranar ba ka ƙara taka ƙofar majami'a ba.

Da taɓarya ka ɗauka ka maka mini a ka, da ya fi mini sauƙi. Na binne miji, na binne 'ya, amma su na san hannun da na miƙa su. Kai ne zan saka a mota ban san wurin wa za ka ba. Ba yunwar birni nake jin tsoro ba, ka riga ka saba da wadda ta fi ta. Tsorona ka tafi ba Allah a zuciyarka, ka tsufa a haka, kuma ya zama ni ce na koya maka.

Ni ba malama ba ce. Abin da na sani game da Allah, yawanci ta hanyar kuskure na san shi, na yi ta cin karo da shi kamar mai tafiya da tulu a ka ta shiga ƙaramar ƙofa. Shi zan faɗa maka, yadda ya faru.

Ka san gidan da na fito. Babana Bamaguje ne na sosai, yana da wurin tsafinsa a gindin tsamiya, kuma kafin a sa fartanya a gona sai an yanka jan zakara an zuba giya. Dokar wurin a fili take: ka ba iskoki, su ba ka. In ba su ba ka ba, to, abin da ka kai ne bai isa ba, sai ka ƙara da baƙin akuya. Da na auri babanka aka yi mini baftisma, na kwance layu da guraye na watsa a wuta da hannuna, ina ji da kaina, ina cewa na rabu da duhu. Ashe layun kawai na ƙona, cinikin yana nan daram a cikina. Shekarun nan da gyaɗa take yi, har muna loda wa jaki mu kai kasuwar Shanono, ba wadda take riga ni kai damin fari majami'a. Ni ce shara, ni ce ɗebo ruwan baƙi, ni ce gaba a waƙa. In na buɗe baki na ce Allah mai alheri ne, idona yana kan rumbu. A can ƙasan raina ina ganin na biya, shi ma ya biya, ba wanda ya cuci wani. Wurin yanka zakaran kawai na canja.

Da ruwa ya ɗauke shekarar farko, abin da na fara ji ba tsoro ba ne, fushi ne, irin na wadda aka yi wa ƙwange a mudu. Na riƙa cewa a raina, duk sharar nan fa? To ka ji, Allah ba ya jin yunwa. Ba ya cin gero, shi ya yi geron, shi ya yi hannun da ya ɗauki damin. Ba abin da za ka kai masa wanda ba nasa ba ne tun farko, saboda haka ba a saye shi, ba a kuma ƙure shi. Alherinsa bai fara ranar da rumbuna ya cika ba, ban kuma da hujjar cewa ya ƙare ranar da na share ƙasan rumbun da tsintsiya. Wannan na faɗe shi da baki cikin sauƙi, amma kar ka ɗauka zuciyata tana yarda da shi kullum. In wata rana ka koma yin addu'a, kada ka shiga da niyyar ciniki, ka ce in ka ba ni aiki zan riƙa zuwa sujada. Na gwada wannan hanya, wahalar banza ce.

Maganar binnen iri kuwa kana nan aka yi, kai ma ka riƙe ƙwaryar iri. Shekara ta biyu ce ta fari. Kowane manomi a ƙasar nan ya san binne, ka zuba iri a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, don in ya sauka ka riga kowa. Kowa kuma ya san ba a binne iri duka. Ana raba shi, a zuba wani, a rataye wani a ɗaka, saboda in yayyafi ya zo ya jiƙa ƙasa kaɗan, irin zai tsiro, rana ta biyo baya ta ƙone shi, ka tashi ba tsuntsu ba tarko. Babanka ya ce a raba. Ni kuwa na yi azumi, na yi kuka a majami'a, na fito ina jin kamar an ba ni alkawari a hannu. Na ce masa rataye iri a ɗaka rashin bangaskiya ne.

Ya dube ni ya ce, "Ke, Allah ne ya ce miki jibi za a yi ruwa?"

Na ce, "Ba Mai iko duka ba ne? Ko ba haka ake karanta mana kowace Lahadi ba?"

Ya ce, "Haka ne. Amma da ya ba mu iri, ai ya ba mu hankali."

Ka san bakina in na kafe. Na yi ta yi masa har ya gaji, ya sauko da zangarniyar ƙarshe daga rufin ɗaki ya miƙo mini. Muka zuba duka. Yayyafin ya zo, ɗan kaɗan, ko ƙura bai gama kwantarwa ba. Gona ta yi kore shar, na riƙa zagaya ta ina waƙa, har ina yi wa babanka kallon ka gani ko. Daga nan sama ta bushe ƙarau. Ina tsaye ina kallo tsiron ya lanƙwashe, ya yi fari, iska ta kwashe shi. Babanka ya ɗauki gatari ya tafi ci-rani kudu, ya dawo da tarin da ya kai shi kabari.

Na ce Mai iko duka, amma abin da nake nufi shi ne mai yin abin da na ce, lokacin da na ce. Na ɗauki ikon Allah na mayar da shi ɗan aikena. Kai kuma yanzu ka ce ba ya iyawa. Ka duba da kyau, kuskurena ne ka ɗauka ka juya shi baibai. Ni na ce tunda yana iyawa dole ya yi, kai ka ce tunda bai yi ba ba ya iyawa. Mu duka biyun mun zauna a kujerar alƙali mun sa shi a gaba. Wanda ya rataye rana a inda take ba ruwan sama ne zai gagare shi ba. Me ya sa ya riƙe shi, ban sani ba, ba zan kuma ƙirƙiro maka dalili don in rufe maka baki ba. Abin da zan ce kawai, ka dogara gare shi, ka kuma yi aiki da hankalin da ya ba ka. In an ce ka hau katakon gini wanda ka ga yana rawa, kada ka ce Allah zai tsare, ka sauko a gyara shi.

Ka tuna wadda ta fitar da mu a waccan shekarar? Iya Gambo ce, maƙwabciyarmu ta tsallaken rafi, Musulma, wadda tun ina amarya take tsokanata da 'yar masu giya. Su ma gonarsu ta ƙone. Mazansu sun fita roƙon ruwa a filin idi da riguna a juye, mu muna namu a majami'a, sama ɗaya ce a kanmu duka, ba ta ɗiga wa kowa ba. Ta aiko jikarta da ƙwarya a rufe da faifai, na buɗe na ga iri. Na je yi mata godiya, ta ce, "Ke rufe mini baki, kya bari yara su mutu don taurin kanki?" Na roƙi Allah ruwa daga sama, sai ya aiko da iri daga tsallaken rafi, ta hannun da ban taɓa sa rai ba. Za ka zauna cikin Musulmi a birni, ka ci tare da su, ka kwana tare da su. Ka riƙe abin da ka sani game da Almasihu ba tare da ɓoyewa ba, amma kada ka raina kowa, kada ka shiga gardamar addini da cika baki. Ba kai kake zaɓa wa Allah hannun da zai yi maka jinƙai da shi ba.

Sai Lami. Da ƙyanda ta kama ta, jikin da zai yi faɗa da ciwon babu shi, ganyen tafasa da dusa ba sa gina yaro. Kana ganina ina shiga ina fita ba na magana, ka ɗauka dauriya ce. Ba dauriya ba ce. Na gama yanke wa kaina hukunci cewa alhakin babanka ne yake bina, Allah ya zo karɓar fansa, ya kuma zaɓi autata don ya san nan ne zai fi yi mini zafi. Har na fara tunanin tsamiyar babana, ko akwai abin da zan kai a sake ta. Ka ga inda tsoro ya mayar da ni bayan shekaru ina waƙa a gaban majami'a.

Na je na sami Malam Bulus yana gyaran dangar gidansa, na faɗa masa duka. Ka san shi ma ya binne ɗansa a wannan farin. Ya ajiye igiyar hannunsa ya ce, "Saratu, Allah mai adalci ne, ba ya wasa da zunubi. Amma hukuncin da kike tsoro an riga an ɗora shi a kan Ɗansa a gicciye. Ba zai dawo ya ɗauke shi ya ɗora wa yarinya ba."

Na ce, "To don me take mutuwa, Malam?"

Ya sunkuya ya sake ɗaukar igiyarsa. Sannan ya ce, "Ban sani ba. Ni ma na tambaya a kan nawa."

Na dawo gida da wannan ban sani ba, kuma har yau ita nake da ita. Amma ya sauke mini dutse ɗaya: Allah ba mai ramuwa a ɓoye ba ne, ba ya laɓewa ya jira ka manta sannan ya cafke ɗanka. Wannan halin iskokin gidan babana ne, ni na shafa masa. In masifa ta same ka a birni, ka binciki kanka, in akwai abin tuba ka tuba, amma kada ka zauna kana lissafa wane laifi ne ya jawo wane ciwo. Wannan lissafin ya kusa haukata ni.

Ba zan yi maka ƙarya ba, don ka girma. Akwai ranakun da nake durƙusawa in ji addu'ata ko rufin ɗaki ba ta wuce ba. Akwai Lahadin da ake waƙar yabo ina motsa baki kawai. Na kan dubi gabas da yamma, in ga hadari ya haɗu baƙi ƙirin, iska ta taso, sannan ya watse kamar ana yi mana dariya. Na gaji. Na gaji da binne mutane, na gaji da dafa ganye, na gaji da cewa yara su yi haƙuri. Duk abin da ka faɗa a ranar nan, ba wanda ban taɓa faɗa a cikina ba, bambancin kawai kai ka furta.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa na ɗauki fensir, wato maganarka ta biyu, cewa Allah kamar ni yake.

Kai ne ɗan farina. Ka san al'adarmu, ba mu kaɗai ba, har su Iya Gambo haka suke: uwa tana kunyar ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Ana yaye ka Kaka, uwar babanka, ta ɗauke ka ta kai ɗakinta, a can ka girma, tsakaninmu tsakar gida kawai. In zan ba ka abinci sai in ce a kai wa wancan. Da aka haifi Lami na sami sauƙi, na riƙa cewa Yayan Lami. Matar Malam Bulus ta taɓa ce mana a zumuntar mata wannan kunyar ba dole ba ce, mu riƙa kiran 'ya'yanmu muna sa musu albarka da suna. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce, "Ni in kira sunansa? Sai ka ce wadda ba ta da mafaɗi." Ina alfahari da abin. Mata suna yabona, suna cewa Saratu akwai kunya, ko kallon yaron ba ta yi.

Ka tuna ranar da lauje ya sare ka a ƙafa a wurin sussuka, kana ƙarami? Jini yana zuba, ka ƙwalla ƙara, ka juyo kana nemana da ido. Ina cikin mata muna daka. Idonmu ya haɗu, na kawar da kai, na ci gaba da daka. Kaka ce ta rugo ta ɗauke ka. Na san ba ka manta ba, don daga ranar ka daina juyowa wurina in wani abu ya same ka.

Ga abin da ba ka gani ba. Taɓaryar ta kuɓuce ta sauka a kan yatsan ƙafata, farcen ya fita, ban ji ba sai da wata ta nuna mini jinin. Na zagaya bayan rumbu na yi amai. Da rana tsaka na yanki daji a ƙasa har Shanono na karɓo maganin da aka sa maka, na ba Kaka na ce ta ce ita ta aika. Ƙwan da kake tsinta a ƙasan tuwonka a ɗakin Kaka, ba na kazar Kaka ba ne, Kaka ba ta taɓa kiwon kaza ba. Rigar da ka sa ranar baftismarka, da aka ce kawunka ne ya aiko, zanena ne na aure na ba tela. A farin nan, in ka ga na ce na riga na ci a madafi, ai ka san ba abin da ake ci a madafi. Ban taɓa kwana ban san inda kake ba. Ko tafiyarka na ji a bayan danga na san kai ne, na kuma san ko ranka a ɓace yake.

Ba don ka gode mini na faɗa ba. Na faɗa ne don ka ga kuskuren. Na ɗauka yaro yana ganewa da kansa, kamar yadda na ɗauka na gane a wurin tawa uwar. Ashe abin da ka koya a wurina shi ne babba yana iya ganin jininka ya ci gaba da daka. Da ka ɗaga kai sama a kan Lami ka ji shiru, sai ka ce, na san wannan shirun, na gidanmu ne. Laifina ne, ba na Allah ba. Na fifita yabon mata a kan ɗana, na kuma sa wa abin suna tarbiyya.

Maganarka tana da rabin gaskiya. Shiru ba ya nufin ba a gani, ba ya kuma nufin ba a ƙauna, ni ce shaida. In ni da nake mace mai gajeriyar dabara na iya bin ka da ido shekara da shekaru ba ka sani ba, ina ga wanda ba ya barci, wanda ya san ka tun kana cikina kafin ni in san kana nan? Ban ce maka na san abin da yake yi a bayan wannan farin ba. Na ce dai kada ka yanke cewa ba ya komai don ba ka gani ba, tunda ka taɓa yin wannan kuskuren a kan wadda kuke gida ɗaya.

Amma ɗaya rabin ba gaskiya ba ne, kuma shi ya fi muhimmanci. Allah ba kamar ni yake ba. Shi ba ya kunyar ɗan fari. Yana da Ɗa guda, kuma ranar da aka yi wa Ɗan baftisma a kogi, a gaban taron jama'a, ya buɗe sama ya shaida da murya cewa nasa ne, yana kuma ƙaunarsa. Abin da na kasa yi a tsakar gidana, shi ya yi a bainar duniya. Ba kuma daga nesa ya tsaya yana aiko da ƙwai a ƙasan tuwo ba. Ya shigo da kansa cikin jiki irin namu, ya ji yunwa, ya ji ƙishi, ya tsaya a bakin kabarin wanda yake ƙauna ya yi kuka mutane suna kallo. Wannan Ɗan kuma, da aka rataye shi a gicciye, ya ɗaga murya ya kira Ubansa, sama ta yi shiru. Na daɗe ina jin wannan a wa'azi, ban taɓa gane shi ba sai da na riƙe Lami tana sanyi a hannuna. Shirun da ka ji, Yesu ya riga ka jin sa. Uban kuma ya san yadda ake ji a ga jinin ɗa. Bayan shirun nan ne aka sami kabarin ba kowa a ciki. Ni a nan na rataye raina, ba ni da wani wurin. In wannan ba gaskiya ba ne, to Lami ta tafi ke nan, babanka ma haka, ni kuma tsohuwar banza ce mai magana da rufin ɗaki. Na zaɓi in tsaya a kan gaskiya ne.

Ga roƙona, ba shi da yawa. In ka sauka ka huta, ka tambayi inda masu bi suke sujada a wajen, ba za a rasa ba. In ba za ka iya waƙa ba ka zauna a bencin baya ka yi shiru. In ba abin da kake da shi sai fushi, ka kai masa fushin, ka faɗa masa a fuskarsa abin da ka faɗa mini. Ya fi ƙarfin maganarka ta rushe shi, kuma mai faɗa da Allah har yanzu yana magana da shi. Abin da nake tsoro shi ne ka juya baya gaba ɗaya, kamar yadda ka daina juyowa wurina. Ka guji burkutu, na ga yadda take cin mazan da baƙin ciki ya kora birni. In Allah ya ba ka mata ya ba ka ɗan fari, ka ɗauke shi a gaban kowa, ka ce wa uwarsa ta kira sunansa, duk mai dariya ya yi.

Gumbar nan daga irin bana na daka maka. Kar ka tashi hankalinka, rabi na ɗiba, rabi yana rataye a ɗaka, na dai koyi wannan. In ruwa ya sauka zan shuka, in bai sauka ba Ubangiji ya san inda nake. Ka ci, kada ka yi ta ajiya har ta lalace.

Da safen da za ka tafi, na san kaina. Za ka zo sallama ka tarar ina tankaɗe ko ina wani aikin da ba shi da amfani, in ce Allah ya kiyaye ba tare da na ɗago ba. Matan unguwa za su raka ka bakin hanya, ni ba zan fito ba. Na so in karya abin nan da baki, na gwada, harshena ya ƙi. Tun da Lami ta tafi ma ba ni da abin kiranka, don in na ce Yayan Lami sai muryata ta karye, shi ya sa ka ji watannin nan sai dai in ce kai. Amma da za ka waiwayo ka duba ta ramin zanar da ke kusa da turmi in ka kai gindin kanya, da ka gan ni. Ina wurin.

Na yi ta gwada rubuta sunanka a ƙasa da tsinke, in na ji motsi in goge da ƙafa. Babanka ne ya zaɓa maka shi, ni kuwa tun ranar suna nake faɗarsa a cikina kowace safiya in na durƙusa, Allah ya daɗe yana ji daga bakina, kai ne kaɗai ba ka taɓa ji ba.

Habila.

Habila, ɗana, ɗan farina, ina ƙaunarka. Ubangiji ya tsare fitarka da shigarka, Habila. Ya tsare ka a kan gini da ƙarƙashinsa, ya ba ka abinci da wurin kwana, ya kare ka daga ciwo da mugun aboki. In ka yi nisa ya bi ka, in ka yi shiru ya kira ka da sunanka har sai ka juyo. In muna da rabon sake ganawa a gidan nan, ka tsaya a ƙofa ka yi sallama, zan amsa da sunan nan kowa yana ji. In babu rabo, ka neme ni inda Lami take.

Ni ce mahaifiyarka,
Saratu